In Allurar Likita Ta Karye a Saiwar Haƙori

A filinmu na kiwon lafiya na wannan makon mun taɓo wata magana da ba kasafai ake jin ta ba. Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna, saboda wanda shirin ya wuce shi yana daji da dabbobi, ko yana layin kwastan a Paga ko Sankasi.

Maganar ita ce: ka je a gyara maka matauni, wato haƙorin ciki da kake tauna da shi. Ana cikin aiki sai likita ya dakata, ya ɗauki hoto, ya ce maka kan allurar da yake aiki da ita ya karye, ya maƙale a cikin saiwar haƙorin. Duk wanda aka faɗa wa haka sai gabansa ya faɗi.

Abin ya shafe ku ne musamman saboda yadda tafiyarku take. Da yawa a cikinku kuna daurewa da ciwon haƙori tun daga Maraɗi ko Wagadugu ko Bawku, kuna cewa bari a isa Kumasi. Kuma da gaskiyarku, likitocin haƙori sun fi yawa a nan bisa garuruwan kan iyaka. Akwai asibitocin kuɗi a Adum da kewayenta, ga kuma babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye a Bantama, wanda mutanen gari ke kira Ji. Sai dai wanda ya kawo shanu ko albasa kwana uku zuwa huɗu gare shi a Zango kafin mota ta yi lodi. Aikin saiwar haƙori kuwa ba ya son gaggawa.

Me ya kai allura cikin haƙori?

Kai da saniyarka duk haƙora 32 gare ku in kun cika girma. A bakin mutum 12 daga ciki matauna ne, shida sama shida ƙasa. Abin da kake gani a madubi kan haƙorin ne kawai. Sauran yana binne cikin ƙashin muƙamuƙi, shi ne saiwa. Mataunin ƙasa yawanci saiwa biyu gare shi, na sama uku.

Ka san ɓargo a cikin ƙashi. To haƙori ma yana da nasa: jijiya da 'yan hanyoyin jini, suna zaune a tsakiyarsa, suna gangarawa ta wani siririn kororo har ƙarshen kowace saiwa. A matauni guda akan sami kororo uku ko huɗu. In rami ya ci haƙori har ya kai ga ɓargon nan, ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa. Wannan ne ciwon da ke hana barci. Daga baya ɓargon ya mutu, ya ruɓe, cutar ta gangara ta tara mugunya a ƙarƙashin saiwa.

Daga nan zaɓi biyu ne: a cire haƙorin, ko a yi masa aikin saiwa. A asibitocin Gana da Najeriya za ka ji suna cewa rut kanal, a ƙasashen Faransanci kuma debitalizasiyon. Likita zai huda kan haƙorin, ya kwashe ruɓaɓɓen ɓargon, ya goge kowane kororo, ya wanke shi da ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya toshe shi da wani irin ƙaro, ya rufe. Haƙorinka ya zauna, ka ci gaba da cin naman ka da goronka.

Abin da ake gogewar da shi wata 'yar allura ce mai murɗi, kamar magagarin maƙeri amma siririya ƙwarai. Tsawonta milimita 21 ne ko 25 ko 31. Wadda ake fara buɗe hanya da ita, kaurin bakinta kashi ɗaya ne cikin goma na milimita, kusan kaurin gashin kai. Akwai ta baƙin ƙarfe marar tsatsa da ake juyawa da yatsu. Akwai kuma ta wani haɗin ƙarfe na nikel da taitaniyam, wanda aka gano a Amurka a farkon shekarun 1960, aka fara gwada shi a aikin saiwar haƙori a 1988. Ita wannan tana lanƙwasa ta bi kwana, kuma inji ne ke juya ta.

Me ke karya ta?

Abu biyu ne. Na farko, bakinta ya cije a wuri mai matsi alhali gindinta na ci gaba da juyawa, sai ta tsinke, kamar mabuɗin da aka murɗa da ƙarfi a tsohon kwado. Na biyu, gajiyar ƙarfe. Ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya a wuri guda, ka san ƙarshenta. Allurar da ke juyawa a cikin kwana haka take lanƙwasa sau ɗaruruwa a minti ɗaya. Ta nikel ɗin ma takan karye ba tare da ta nuna wata alama ba.

Shi ya sa abin ya fi faruwa a matauna. Kororonsu siriri ne, yana da kwana, ga shi can ƙuryar baki inda hannu da ido ba sa kaiwa da sauƙi. In mutum ya manyanta, kororon yakan ƙara tsukewa. Allurar da aka yi ta amfani da ita a haƙora da yawa ta fi saurin karyewa, wannan gaskiya ne, kuma haƙƙin likita ne ya riƙa duba kayansa yana zubar da wanda ya gaji. Amma sabuwa fil ma tana karyewa a hannun gwani. A wani bincike da aka buga a 2005 daga ƙasar Ostareliya, an duba haƙora 8,460 da ƙwararrun aikin saiwa suka yi, aka tarar kashi 3.3 cikin 100 akwai guntun allura a ciki. Ka ga ke nan ba kullum ba ne, amma yana faruwa ko a ina.

Guntun ba guba ba ne

Ga abin da muke so ka riƙe in ma ka manta sauran. Guntun nan tsawonsa bai fi 'yan milimita ba, an dafa shi an kashe ƙwayoyin cutar jikinsa kafin a sa maka, kuma yana maƙale ne cikin abu mai tauri kamar dutse. Ba zai bi jini ya tafi zuciya ko ƙwaƙwalwa ba. Ba zai narke ya zame maka guba ba. Na'urar bincike a kan iyaka ko filin jirgi ba za ta yi kuka saboda shi ba.

Illarsa ɗaya ce: ya tare hanya. Ka ɗauka guga ne ya tsinke ya cije a tsakiyar ƙunƙuntar rijiya ana cikin yasa. Gugan ba ya ɓata ruwa. Tambayar ita ce, me ya rage a ƙarƙashinsa? In an riga an yashe rijiyar kafin ya faɗa, da sauƙi. In kuwa akwai mushe a ƙasa kuma gugan ya hana a kai gare shi, ruwan nan ba zai shawu ba.

Haka haƙori. In allurar ta karye a ƙarshen aiki, bayan an goge an wanke, ko kuma ɓargon bai riga ya ruɓe ba, yawanci haƙorin yana zama lafiya da guntun a ciki. In ta karye tun farkon aiki a haƙorin da ya riga ya tara mugunya, to ƙwayoyin cuta sun samu mafaka a bayanta. Binciken nan na 2005 ya gwada haƙoran da aka bar guntu a cikinsu da irinsu da babu. Masu guntu kashi 91.8 cikin 100 sun warke, marasa guntu kashi 94.5. A haƙoran da cuta ta riga ta ci ƙashin ƙarƙashin saiwa kuwa, masu guntu kashi 86.7 ne suka warke, marasa shi 92.9. Amma ka lura, waɗannan haƙora ne da aka ƙarasa aikinsu aka rufe su da kyau. Lissafin bai shafi wanda ya hau mota da rami a buɗe ba.

Yadda ake ciro shi

Da farko hoto. Likita yana so ya san a wace saiwa guntun yake, tsawonsa nawa, kuma yana gaban kwana ne ko bayanta. A wasu manyan asibitoci akwai hoton da ke nuna haƙori ta kowane ɓangare, har da kaurin bangon saiwar.

Sai a yi maka allurar kashe zafi, a shimfiɗa wata 'yar roba a bakinka wadda haƙorin kaɗai ke leƙowa ta cikinta. Robar nan tana hana miyau shiga ramin, tana kuma hana guntun faɗawa maƙogwaronka in ya fito. Tsohuwar dabara ce, tun 1864 wani likita a birnin Niyok mai suna Sanford Barnum ya fito da ita.

Daga nan likita zai ɗan faɗaɗa kororon daga sama har ya hango kan guntun. A nan ne madubin ƙara girma mai fitila yake da amfani, domin abin da ido bai gani ba hannu ba ya kamawa. In ya hango shi, sai ya kawo wani siririn tsinken ƙarfe da inji ke sa shi karkarwa da sauri ƙwarai. Da shi zai sassaƙe ɗan wuri a gefen guntun, kaɗan-kaɗan, karkarwar tana girgiza shi har ya saki. Wani lokaci da kansa yake tsalle ya fito tare da ruwan wanki. In ya yi sako-sako amma ya ƙi fitowa, akan zura ɗan zarge na waya a shaƙo kansa, ko wani ɗan bututu da ke cafke shi, kamar dai yadda kuke sa ƙugiya ku ciro guga.

Aiki ne na haƙuri. Yakan ci rabin awa, yakan ci awa, wani sa'in sai an sake zama. A wani bincike daga Suwizalan, shi ma na 2005, an yi ƙoƙarin ciro guntaye 97 da madubin nan, aka samu 84. Wannan a hannun ƙwararre ne mai cikakkun kaya. Ba kowane ɗakin likitan haƙori ke da madubin da injin ba, a Kumasi ko a Kano. Don haka in likita ya ce zai tura ka wurin wani, kada ka ce ya gaza. Wanda ya san iyakarsa ya fi wanda zai yi ta haƙa a makance.

Ba kowane guntu ake bi ba

Duk abin da aka sassaƙe daga jikin saiwa ya tafi ke nan, ba ya tsirowa. Bangon saiwar matauni a wasu wuraren bai fi milimita ɗaya ba. In aka matsa, ana iya huda shi ta gefe. Ana iya rage masa ƙarfi, bayan wata shida ka ciji ƙashi saiwar ta tsage, kuma saiwar da ta tsage a tsaye ba ta da gyara sai cirewa. Ana iya tura guntun ya ƙara nutsewa. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Saboda haka hanyoyin da ke gaban likita huɗu ne, kuma ya kamata ya faɗa maka wadda ya zaɓa da dalilinsa.

Ta ɗaya, a ciro shi. Ta fi dacewa in guntun yana sama ko tsakiya, gaban kwana, inda ake hango shi.

Ta biyu, a raɓa ta gefensa. Kororo ba zagayayye ba ne sosai, sau da yawa akwai ɗan sarari. Likita zai lallaɓa da siririyar allurar hannu ya wuce guntun, ya wanke har ƙasa, ya toshe duka da guntun a ciki. In wannan ta yiwu, buƙata ta biya.

Ta uku, a bar shi. In yana can ƙarshen saiwa bayan kwana kuma babu alamar mugunya, sai a wanke iya inda aka kai, a toshe, a rufe, a riƙa dubawa da hoto.

Ta huɗu, in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: ko a yi 'yar tiyata ta dasashi a yanke ƙarshen saiwar tare da guntun, ko a cire saiwa guda a bar sauran, ko a cire haƙorin gaba ɗaya. A matauna tiyatar tana da wuya, don na sama suna kusa da kogon hanci, na ƙasa kuma kusa da jijiyar da ke ba leɓe ji.

Cire haƙori ba abin kunya ba ne. Makiyayin da zai shiga daji wata biyar, ga mugunya, ga guntu bayan kwana, ba kuma halin dawowa, wataƙila cirewar ta fi masa alheri. Ka faɗa wa likita gaskiyar tafiyarka don ya auna da ita. Amma ka sani matauni ba ya sake fitowa, kuma in ya tafi na kusa da shi sukan karkato cikin giɓin.

Kafin ka bar Kumasi

Alhaji, Hajiya, kada kunya ko haushi su sa ka tashi ka fita. Kana da haƙƙin a yi maka bayani. In Turanci ko Tuwi bai zauna maka ba, tafi da ɗan mai masaukinka daga Aboabo ko Asawase ya yi maka tafinta. Ga abin da za ka tambaya:

A wace saiwa guntun yake, sama ko ƙasa, gaban kwana ko bayanta?

An riga an wanke kororon kafin ya karye, ko tun farko ne?

Hoton ya nuna cuta a ƙarƙashin saiwar?

Cikon da aka sa min yanzu na wucin gadi ne ko na dindindin, kuma yaushe zan dawo?

Sannan ka nemi takarda mai lambar haƙorin da abin da aka yi da kwanan wata. Ka ɗauki hoton haƙorin da wayarka daga allon likita, ka tura wa wani naka don ko wayar ta ɓata. Da wannan, likita a Tamale ko Yamai ko Sakkwato, ko a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, zai ɗora daga inda aka tsaya maimakon ya fara lalube.

Cikon wucin gadi na 'yan makonni ne. In ya daɗe yakan zaizaye, miyau ya shiga, duk wankin da aka yi ya tashi a banza. Wannan ya fi guntun kashe haƙora a wurin matafiya: zafi ya lafa, mutum ya ce ai na warke, sai bayan shekara a gan shi da kumburi. In an gama aikin kuma, matauni yakan so a sa masa hula don kada ya fashe. Har a sa, kada ka fasa goro ko ƙashi ko aya da wannan gefen. A sake hoto bayan wata shida zuwa shekara, ko da ba ka jin komai. Ka haɗa shi da zuwanka na gaba.

Maganar kuɗi a yi ta tun kafin a fara. Inshorar lafiya ta Gana, wadda aka kafa dokarta a 2003, tana ɗaukar cire haƙori da ciko mai sauƙi ga mai kati, amma aikin saiwa yawanci daga aljihunka ne. Tambayi kuɗin aikin duka har da hula, da yawan zaman da za a yi. In kwanakinka ba za su kai ba, ka faɗa, a yi maka abin da zai kwantar da ciwon a rufe da kyau, a sa ranar ƙarasawa. Kuma ka tabbata likita ne mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa. Mai cire haƙori a bakin tasha ba shi da hoto, ba shi da abin dafa kaya.

In kana kan hanya

Ɗan ciwo na kwana biyu ko uku bayan aiki ba abin tsoro ba ne. Farasitamol yana isa, ko ibuprofen ga wanda ba shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda, ban da mai juna biyu. Kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri yana taimakawa. Kanumfari yana rage zafi na ɗan lokaci, amma ba ya kai ga cutar da ke cikin saiwa.

Kada ka zura allura ko tsinke ko ƙaya ka ce za ka taɓo guntun. Maganaɗisu ba ya jawo shi. Kada ka ɗiga ruwan batir ko fetur ko ka cusa taba, kada ka danna ƙwayar asfirin a dasashi, ƙona naman suke yi. Tiramol ba maganin haƙori ba ne. Kafso na kasuwa kuma yakan kwantar da kumburi na kwanaki, amma jini ba ya shiga mataccen kororo balle ya kai magani can, don haka ciwon zai dawo.

Ga alamomin da in ka gan su za ka sauka a asibiti mafi kusa a ranar, ko da kaya na kan mota: kumburin da ke gangarawa ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko yake hawa wajen ido, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar miyau ta gagara, murya ta canza ko numfashi ya yi wuya, zazzaɓi mai zafi tare da kumburi. Cutar mataunin ƙasa tana iya bazuwa ƙarƙashin harshe ta toshe maƙoshi cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma tana kisa. Mai ciwon sukari ya fi kowa shiga wannan haɗarin. A irin wannan hali ba a jiran a isa gida.

Daga ƙarshe, ramin da aka cike tun yana ƙarami ba ya kai mutum ga allura ko kaɗan. Asuwaki ko buroshi da man goge baki safe da dare, a rage sukari a shayi, kuma in ruwan sanyi ya fara sa haƙori tsami, a nuna shi a zuwan nan, kada a bari sai na gaba.

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, a rugga ko a tasha. Masu tambaya su aiko ta hanyar da aka saba, za mu amsa a fili na gaba. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kai matafiya gida lafiya, ya sa albarka a kasuwa da garke.